Bokiti Goma Sha Shida

Garwa, unguwar Yalwa
9 ga Fabrairu, 1991

Zuwa ga ƙanena Mahmudu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Mairamu da yara, kuma sauron Yagwa bai gama da ku ba. Mu nan lafiya lau. Baba jiki da sauƙi. Tun faɗuwar da ya yi a bakin shago watan jiya ƙafar ba ta koma daidai ba, don haka ya bar fita kasuwa, an rufe shagon turaren sai ya ji ƙarfi. Yana gaishe ka, ya ce Allah ya yi albarka.

Dalilin takardar nan ruwa ne. Rijiyar gida ta ƙafe, guga sai laka yake fitowa da ita. Famfo kuwa ya zama baƙo, sai ya kwana uku bai leƙo ba, in ya zo ya yi tari sau biyu ya koma. Abin da nake samu wurin 'yan garuwa iyakarsa sha da girki da wanka da wanki. Lemun tsamin Baba na bayan ɗakinsa su ne a wahale, duka ukun. Ganyensu ya nannaɗe, na tsakiyar ya fara zubarwa, alhali zafi bai ma kankama ba. Ka san Baba da lemun nan. Shekara ashirin da biyar ke nan da ya ɗauko dashensu daga Yola a gwangwanin madara, kuma tun da ya daina fita ya sa aka juya masa gado ya fuskanci taga. Kowace safiya, kafin ya tambayi koko, sai ya ce, "Kaltumi, an ba su ruwa?" Na gaji da cewa an ba su.

Na gwada zuba musu ruwan wanki da na wanke-wanke kai tsaye. Kwana biyar ƙasar gindinsu ta yi farin ɓawo, maiƙo ya kwanta, ƙudaje suka zo kamar an gayyace su suna. Honorine, maƙwabciyarmu mai aiki a lopital, wato asibiti, ta ce akwai yadda ake tace irin ruwan nan a ba shuka, ta ce ai ƙaninki aikinsa ke nan. Na ce ƙwarai, yana can yana shayar da shinkafar mutane, lemun ubansa na mutuwa da ƙishi.

Ka ɗauki konje, hutun aiki, ka zo ka haɗa mana da hannunka. Mako ɗaya ya isa. Rabonka da gida tun babbar salla, kuma zumunta a ƙafa take. Zan ba Jules direba takardar nan, shi zai riƙa kai mana yana kawowa.

Addarka,
Kaltumi


Yagwa
17 ga Fabrairu, 1991

Adda Kaltumi,

Takardarki ta iso ranar Alhamis. Muna lafiya, Mairamu da yara suna gaishe ki. Na ji daɗi da kika ce jikin Baba da sauƙi. Ki gaishe shi da kyau, ki ce ya riƙa taka ƙafar ko da daga ɗaki zuwa zaure ne.

Zuwa dai yanzu ba zai yiwu ba. An gama dashen shinkafar rani, ni ke riƙe da rabon ruwan manoma ɗari huɗu, kuma sefu, shugabanmu na wurin aiki, ya ce ba mai konje sai an yi girbi a watan Yuni. Ga shi ana ta rage ma'aikata, wanda ya ɗaga daga kujerarsa yakan dawo ya tarar an ɗauke ta. Amma aikin nan bai kai a taso mutum daga Yagwa ba. Ki karanta a hankali, kada ki tsallake layi yadda kika saba.

Ki samo duro na ƙarfe wanda ba a taɓa zuba mai a ciki ba. A huda shi ta ƙasa, a sa guntun tiyo. A ɗora shi a kan bulo huɗu a bayan ɗakin Baba. Daga ƙasa ki jera manyan tsakuwa kamar taƙi ɗaya, sai ƙananan tsakuwa, sai gawayi da aka farfasa aka wanke, sai yashin Binuwai mai kauri har taƙi biyu. A bisa ki shimfiɗa algarara, ita za ta riƙe gashi da ɓarɓashin tuwo. Ruwan wanke-wanke ki fara tara shi a daro ya kwanta, ki kwashe maiƙon da ludayi, sannan ki juye. Abin da ya fito ta tiyo ki ba lemu a ranar, kada ya kwana, in ya kwana zai yi wari. Ki haƙa rami mai zagaye a gindin kowane lemu, nesa da jikin icen da kamu ɗaya, ki cika shi da ɓuntu. Na ba Jules buhu biyu.

Abu uku kada su shiga duron nan. Ruwan kanwa ko gishiri. Jabel, ruwan maganin nan mai sa kayan wanki fari, don yana ƙone saiwa. Da duk ruwan da ya taɓa najasa, wannan hanyarsa masai. Sabulun sanda za ki yi aiki da shi, ki rage na gari. Ruwan ko ya fito tas ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, kuma kada ki shuka salak a wurin.

Ku biyu ne a gidan, ke da Baba. A lissafina za ku fitar da bokiti huɗu zuwa biyar a yini, kuma duro ɗaya ya ishe shi. Ki riƙa ƙirgawa kina rubuto mini. Ƙirga nake so, ba "da ɗan dama" ba.

Ƙaninki,
Mahmudu


Garwa
1 ga Maris, 1991

Malam Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Baba jiki da sauƙi, yana amsa gaisuwarka.

An yi duro. Baffa Malum, abokin Baba na masallaci, shi ya samo shi wurin maƙera, Jules ya ɗebo mana yashi a bakin gada. Ni da Baffa muka jera, yana jera yana mita wai tun da yake bai taɓa ganin an yi wa ruwan datti gata haka ba. Ranar farko abin da ya fito baƙi ne wuluk, na ce shi ke nan, boko ya ci mu. Rana ta uku ya washe, ya koma kamar ruwan shayin da aka tafasa sau uku. Yau kwana tara, ganyen ya miƙe, na tsakiyar ma ya daina zubarwa. Useko, na gode, na yaba maka, amma kada kanka ya kumbura.

Na ƙirga kamar yadda ka ce. Bokiti tara ne a yini, wata rana goma.

Ka sani, duk takardar da ka aiko sai na karanta wa Baba ita a bayyane, sau biyu. Ya ce da a ce da ajami ka rubuta da ya huta da ni. Wadda nake rubuta maka ma sai ya ji ta kafin in liƙe. Da na kai wurin da ka ce ya riƙa takawa zuwa zaure, sai ya ce, "Ki ce masa na ji." To, ya ji.

Baffa Malum yana zuwa kullum safe da yamma yanzu. Allah ya saka masa, shi ma ba yaro ba ne, bayansa na damunsa. Ina ganin ya kamata ka zo ka ga duron da idonka, ko akwai abin da muka yi ba daidai ba. Gani ya kori ji.

Kaltumi


Yagwa
9 ga Maris, 1991

Adda,

Na samu takarda, na gode Allah da lafiyarku. A gaida Baba da Baffa Malum.

Bokiti tara? Mutum biyu? Ko dai bokitinki na wasan yara ne, ko kuwa kin buɗe gidan wanki ba ki gaya mini ba. Na san halinki, ba kya iya cewa a'a. In maƙwabta ne suka ga banza suke kawo nasu, ki tsayar da su. Ba ki san abin da ke cikin ruwan wani gida ba. Yashin nan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, in aka fi ƙarfinsa zai toshe.

Duk mako ki kankare yashin sama kamar kaurin yatsa biyu ki zuba sabo, ki wanke algarar ki shanya a rana. Ba sai na zo ba, yadda kika kwatanta komai daidai ne. Yuni kamar gobe ne, in Allah ya kai mu zan yi muku mako uku cur. Lemu dai su kai damina, shi ne magana.

Nan ruwan kogin Logon ya ja baya ƙwarai, manoma sun kusa cinye ni ɗanye. Jiya wasu biyu suka kama kokawa a bakin kwalbati a kan awa ɗaya ta ruwa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Mahmudu


Garwa
22 ga Maris, 1991

Mahmudu,

Barka da shan ruwa. Ina fata kuna azumi lafiya. Zafin Garwa bana sai wanda ya gani, ƙarfe goma na safe ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Baba jiki da sauƙi. Bana bai ɗauki azumi ba, Baffa Malum ya ce a ciyar.

Duron ya toshe sau biyu a makon nan. Na kankare yashin kamar yadda ka ce, ya yi kwana biyu ya sake tsayawa. Ruwa yana kwanciya a sama ya ƙi sauka, kuma yana wari, wari sosai, har Honorine ta ji daga gidanta. Na ƙona turaren wuta a wurin, abin ya haɗu ya zama wani iri. Lemun suna da rai, sun yi sabon toho, amma bakin ganyen ya fara yin rawaya kamar an bi shi da wuta.

Ƙirgar makon nan bokiti goma sha huɗu ne a yini. Bokitin shi ne baƙin nan na Inna, Allah ya jiƙanta, wanda ka sani. Ba wanda yake zuba ruwa a duron nan sai ni.

Ina da saƙo. In kana da wanda zai shiga Kusiri, a sayo mini zanen gado huɗu masu ƙwari, farare, da leda mai kauri ta shimfiɗa, mita biyu. Ka ƙara ɓuntu. Itace ma ya yi wuya a nan, in Jules zai samu a hanya ya ɗauko, don ina dafa ruwa da yawa.

Salla saura mako uku da 'yan kwanaki. Ko kwana biyu ne ka roƙi sefunka. Ka ce masa duro ya toshe. Baba ya ji wannan layin ya ce in goge, wai kada a tayar wa yaro hankali a kan datti. Na ce masa na goge.

Kaltumi


Yagwa
30 ga Maris, 1991

Adda Kaltumi,

Barkanmu da shan ruwa. A gaida Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ga zannuwa da leda da ɓuntu nan wurin Jules.

Zan faɗa miki gaskiya, raina ya ɓaci. Na zauna na rubuta miki komai dalla-dalla, abu uku kawai na hana, kuma ga alama biyu sun shiga. Rawayar bakin ganye jabel ne, ba tantama. Me kike wankewa da jabel haka, asibiti kika buɗe? Shekara ashirin da biyar icen nan yana tsaye, za ki kashe shi cikin wata guda saboda son farin kaya.

Na biyu ya fi muni. Ruwan wanka da wanki ba ya irin warin da kike faɗa. Wannan najasa ce. Kin ce ba mai zubawa sai ke, to ni ban yarda ba, kina rufa wa wani asiri ne. Akwai ƙazamin da ƙazantarsa take shiga duron nan, kuma a bayan tagar Baba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana sayar da turare, wanda ko ƙura ba ta zama a rigarsa, a ce gidansa ya koma masai? Ki nemo ko wane ne, ki kunyata shi a gaban unguwa, in ba za ki iya ba ki sa Baffa Malum.

Ki juye duron gaba ɗaya, a zubar da yashin da gawayin nesa da rijiya, a sake sabo. Ki ba lemun ruwa mai kyau bokiti biyu biyu ya wanke musu saiwa. Batun salla kuwa na riga na gaya miki. Ba zan je gaban sefu in ce a sake ni saboda duro ya toshe ba, dariya za a yi mini.

Mahmudu


Garwa
7 ga Afrilu, 1991

Mahmudu,

Gaisuwa. Kaya sun iso, na gode. Wannan takardar a zauren Honorine nake rubuta ta, Baba bai ji ta ba.

Na karanta masa taka. Da na zo sakin layi na uku na tsallake, na wuce wurin juye duro. Ka san Baba, ciwo bai taɓa masa kai ba. Ya ce, "Miƙo nan." Ya riƙe takardar ya dube ta, ko da ba ya karanta boko ya ga yawan baƙin. Ya ce, "Kaltumi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da kika karanta bai kai wannan ba. Koma." Na ce maganar yashi ce kawai. Ya ce, "To ina son in ji maganar yashin."

Na karanta masa duka, har da ƙazamin, har da a kunyata shi a gaban unguwa. Baffa Malum yana zaune a bakin ƙofa, ya tashi ya fita ba sallama. Baba ya juya fuskarsa wajen taga. Can ya ce, "Yaron ya san aikinsa." Ranar bai ci komai ba, washegari ma sai da Honorine ta zo ta yi masa faɗa ya sha kunu.

Ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba, kuma na san ba ka da laifin da ya wuce nisa. Amma magana zarar bunu ce.

Na juye duron, an sake yashi. Jabel ba zan iya dainawa ba, sai dai na ware masa daro dabam ina kaiwa masai. Ƙirgar yanzu bokiti goma sha shida ne, sau uku a yini nake wanki. Baffa Malum bayansa ya riƙe, jiya da sanda ya zo, kuma akwai aikin da 'ya mace ba ta yi wa uba sai in ba ɗa namiji a duniya.

An sa ni na dafa Alƙur'ani a kan ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Kai ne mai lissafi. Ruwa ba ya tsami banza.

Addarka


Yagwa
17 ga Afrilu, 1991

Adda,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana. Ki yi wa Baba barka da salla, ki ce yara sun yi sabbin kaya suna tambayar kakansu.

Kwana goma sha takwas ke nan ban ji daga gare ki ba. Na san gari ba lafiya, ana rufe kasuwa da tasha, motoci ba sa tashi yadda suka saba, Jules ma ban sa shi a ido ba. Wannan zan ba wani mai kamyon, babbar motar albasa. Amma in fushi kike saboda takardata, ki yi haƙuri da zafin bakin, gaskiyar dai tana nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na yi tunani a kan yawan ruwan. In da gaske ya wuce bokiti goma, a ƙara duro na biyu a gefen na farko, a riƙa hutar da ɗaya kwana uku. Na zana miki a bayan takardar. Ki rubuto ki gaya mini halin ganyen.

Mahmudu


Yagwa
21 ga Afrilu, 1991

Adda Kaltumi,

Yau da hantsi Jules ya kawo takardarki ta bakwai ga wata. Kwana goma sha huɗu tana cikin motarsa a Marwa. Na karanta ta a tsaye a bakin kwalbati, sai da na zauna a ƙasa.

Na ɗauko takardunki duka na jera. Tara, goma sha huɗu, goma sha shida. Zanen gado, leda, itacen dafa ruwa, jabel. Baba bai yi azumi ba. Baffa Malum safe da yamma. Komai kin rubuta mini, Adda, tun watan Maris, ni kuma ina can ina auna yashi. Na ba Mairamu ta karanta, ba ta kai ƙarshen ta biyu ba ta ce, "Baba ba ya iya tashi." Ita da ba ta yi makarantar ruwa ba. Kullum kina cewa jiki da sauƙi, ni da na girma a gidan nan na san ko mutum yana bakin kabari haka ake cewa, amma na karɓa don ya yi mini daɗi. Kunya ta ishe ni. Kalmar da na rubuta kuwa, ban san da wace fuska zan shiga ɗakin ba.

Gobe zan miƙa makullan ruwa, Talata in Allah ya yarda ina Garwa, ko a bayan kamyon ne. Na gaya wa sefu. Ya ce ba zai sa hannu ba, na ce to. Jules zai juya yau, shi ya sa na riga kaina da takarda.

Kafin in zo, ruwan farko na wankin shimfiɗa kada ya je duro ko kaɗan, a kai masai. Na ɗauraya ta ƙarshe kawai za ki zuba. Ki riƙa wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ki gaya wa Baffa Malum ya huta, ɗan gida na zuwa.

Kada ki karanta wa Baba wannan. Ga ƙarama nan a ciki, ita za ki karanta masa, kuma ba abin tsallakewa a cikinta.

Mahmudu

Baba, ina gaisuwa. Duron nan ya fi ƙarfin takarda, sai na gani da idona. Ina nan tafe ranar Talata, zan zauna har lemu su ga damina. Ɗanka, Mahmudu.


Garwa
26 ga Mayu, 1991

Ƙanena Mahmudu,

Bayan gaisuwa. Ya haƙuri? Ina fata ka isa lafiya, ka sami Mairamu da yara lafiya. Na ji daɗi da Jules ya ce sefu bai kore ka ba, takardar gargaɗi kawai ya ba ka. Ka ajiye ta, ba abin kunya ba ce. Nan masu ta'aziyya sun ragu, sai ɗaiɗaiku daga Yola. Baffa Malum bayansa ya saki, yana gaishe ka.

Akwai abin da ban gaya maka ba kana nan, don gidan a cike yake. Ranar da ka iso, bayan ka gaishe shi ka fita bayan ɗaki kana ta buga duro don a ji, Baba ya kira ni. Ya ce, "Kin karya rantsuwa?" Na ce ban karya ba. Ya ce, "To wa ya gaya masa?" Na ce bokiti. Mahmudu, rabon da in ji dariyar Baba tun kafin ya faɗi. Ya yi ta har tari ya kama shi, sannan ya ce, "Ashe bokon nan bai tashi a banza ba."

Na san kalmar nan tana cin ka, na ga yadda kake sunkuyar da kai har ranar da aka kai shi. Ka sauke ta. Ina tsakar gida ina jin ku duk safiya in kana gyara shi. Kwana biyun farko ba ya magana, na san ya rufe fuska da rawani. A na uku na ji yana yi maka faɗa wai ba ka iya murza baya ba. Daga ranar ya koma cin abinci. Kwana goma sha ɗaya ya samu a hannun ɗansa, ya tafi da tsabtarsa da ƙamshinsa. Ni wata uku na roƙi Allah wannan, ban roƙi fiye da haka ba.

Yanzu maganar aikinka. Duro biyun da ka haɗa suna nan lafiya, ba toshewa, ba wari, ruwan yana fitowa garau. Rawayar ganyen ta tsaya, na tsakiyar har ya yi fure. Sai dai ruwan ya yi kaɗan. Ni kaɗai ce, ƙirgar jiya bokiti uku. Sai yanzu na gane duk tsananin zafin nan Baba ne ya shayar da lemunsa. An yi yayyafi sau biyu, bai jiƙa ƙasa ba. Honorine tana miƙo mini na ɗaurayarta ta katanga, na bincika ba jabel, Baffa Malum kuma ya sa an ajiye daro a wurin alwala na masallaci, yana kawowa bayan la'asar. Da haka za mu kai damina in Allah ya so. Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum yamma.

Shekaranjiya da safe na tashi na hura wuta, na ɗora babbar tukunya kamar kullum. Sai da ta tafasa na tuna ba wanda zan dafa wa. Na zauna a gabanta na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza. Da ya huce na raba wa lemun uku. Ka ce in riƙa gaya maka duk abin da ya shiga gindinsu, to wannan bokiti biyu ne, kuma bai bi ta duro ba, don ba abin da za a tace.

A shafa mini kan yara.

Addarka,
Kaltumi